Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daminar da Kurkunu Ya Kwantar da Baba

Makon jiya mun tsaya a saukar ruwan shuka na 1989 a ƙauyenmu da ke yankin Ringim. Lokacin muna cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Ko noman firi ba a fara ba kurkunu ya ɓullo wa Baba a idon sawu.

Ƙurji ne ya fara fitowa, da zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe sai ga kan farar tsutsa siririya kamar zare. Kullum da safe Inna ke naɗe ta a ɗan kara, kaɗan-kaɗan, bakinta da bisimilla, don in ta katse a ciki ƙafar kumbura take yi. Ni da ƙanena muka ɗauki fartanya, shekaruna 12. Gayya ba ta yiwu ba, kusan kowane gida da nasa majinyacin. Ciyawa ta cinye mana rabin gero.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, idan raɗaɗi ya ishi Baba, ni nake tallafa masa zuwa kududdufi ya tsoma ƙafar ya ji sanyi. A nan muke ɗibar ruwan sha. Ashe da ta ji ruwa tsutsar ke zubar da 'ya'yanta, wasu mitsi-mitsin ƙwari su haɗiye, mu kwankwaɗa, bayan kusan shekara ta fito mana.

Ranar da ma'aikacin lafiya ya zo ƙofar gidan mai unguwa da ƙyallayen tace ruwa, Kawu ya ce, "Malam, jijiya ce fa, a jini take." Bai yi musu ba. Ya ciko kwalba da ruwan kududdufin, ya ɗaga ta saitin rana ya ce, "Baba, duba da idonka." Ga su nan suna wutsil-wutsil. Kawu ya yi shiru. Daren nan Inna ta ɗaure ƙyallen a bakin randa.

A shekarun nan an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka a kan maganar, aka ga na ƙarshe a Jihar Enugu a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar a 2013 cewa an rabu da shi. Da na ji a rediyo, tabon ƙafar Baba na tuna, Allah ya jiƙansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai labarin kakar da muka ci bashin hatsi.