Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Akushin Matafiyi

A makon jiya na tsaya inda aka fara maganar aurena. Yau sai na ɗan ja baya, don wanda bai san yadda muke cin sabon hatsi a gidanmu ba, ba zai gane abin da ya haɗa Baba da mahaifiyarsa ba.

A Maiurno ta ƙasar Sudan aka haife ni, bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa garin, shi da jama'ar da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Namu kakannin ba sa cikin wannan ayari. Daga baya suka taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, a ƙafa, in damina ta riske su a wani gari su yi noma, in an girbe su ƙara gaba. A nan guzuri ya ƙare, zama ya kama su.

Wajen Oktoba zuwa Nuwamba dawa take nuna. Baba yakan kira gayya a yanke, a sussuke, mata mu sheƙe. Kafin a zuba ko ƙwaya a matmura, ramin da muke binne hatsi a ciki, sai an auna zakka a gaban idonsa: ɗaya cikin goma, tunda gonarmu ta ruwan sama ce. Masu shayarwa da famfo a bakin kogi rabin haka suke fitarwa. Kafin nan kuwa, yaron da aka kama da sabuwar dawa a baki ya shiga uku da kakarmu, wadda muke kira Habboba kamar sauran yaran Sudan.

Juma'ar da ta biyo baya ake tuƙa tuwon farko. Miyar busasshiyar kuɓewa, godo-godo, wato irin furar nan, a ƙwarya, kawunnanmu na gasa agashe a waje, a yi kisra, siririyar wainar dawa, saboda maƙwabtanmu Larabawa da ba su iya haɗiyar tuwonmu ba, wai ya yi tauri.

Rabon kwanuka shi ne ainihin bikin. Duk gwaggon da aka aurar sai an kai mata nata har ɗakin mijinta, ko da tana ƙetaren kogi. Ba ta yi noman gandu ba, mijinta ma ya girbe tasa gonar, amma kwanon yana faɗa wa dangin miji cewa matar nan tana da gida. Na ga gwaggon da ta yi shekara ba ta gaisa da Baba ba, aka kai mata kwano, ta mayar da shi cike da gyaɗa, magana ta mutu ba wanda ya buɗe baki. Yaran yanzu suna tura kuɗi ta waya su ce duk ɗaya ne. Ni dai ban yarda ba.

Malmalar farko kuwa ba ta ɗan gida ba ce. Akwai wani baƙin akushi mai tsaga, an ɗaure shi da waya, da shi aka taso daga Haɗeja. Habboba da hannunta take cika shi, a ajiye a zaure, a tura yaro masallaci ko tashar mota ya nemo baƙon da ba shi da kowa a gari. Sai ya ci ya wanke hannu sannan mu sa namu. Mun sha zaman jira har la'asar, ciki na kuka, muna hararar ƙofa. Dalilinta guda ne: tun daga Barno har nan, tuwon mutanen da ba su san su ba ne ya kawo iyayenta, kuma bashi ne.

Sai 1984, ruwa ya ɗauke. Abin da muka samu bai kai ma a fitar da zakka ba. Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Hajja, bana a bar akushin nan. 'Ya'yan gida ma ba su ƙoshi ba."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, waɗanda suka ciyar da ubanka a hanya, ce maka aka yi rumbunansu cike suke?"

"Hajja, zamani ya canza. Masu zuwa hajji a ƙafa sun ƙare."

"To a nemo mai jin yunwa. Shi ma ya ƙare?"

Har yau ina ganin Baba yana da tasa gaskiyar, mutum goma sha ne a wuyansa. Amma ba a ja da Habboba. Ƙanena aka tura tasha, ya dawo da wata mata daga yankin Kurdufan, goye da jariri tana jan yara biyu, fari ya kashe musu dabbobi. Ba ta jin Hausa ko kalma. Ta ci, yaranta suka ci, magariba ta yi ba ta tashi ba. Habboba ta ce a share mata ɗakin Inna na baya, ba tare da ta tambayi Inna ba.

Yadda Inna ta karɓi wannan baƙunci, da abin da ya kai Baba aikin riɗi a Gadarif, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.