Jakar da za ta sauko da kai daga dutse

Burgamin mahaifina yana nan rataye a ƙusa a ɗakina. Na fatar akuya ne, gashin ya zube a gefen da yake gogar haƙarƙari, kuma har yau in ka sa hanci ciki za ka ji warin albarushi da goro. Da shi ya yi farautarsa kaf, ya kuma ishe shi, domin shi farautar wuni yake yi, a fita da asuba a dawo kafin magariba. Mu da muke kwana shida ko bakwai a tsaunukan Shebshi ta wajen Ganye, abin da burgami zai ɗaukar mana bai wuce wuƙa da ashana ba.

Jakar goyona ta farko irin ta ɗaliban jami'a ce, baƙa, mai aljihu barkatai. Wajen hawa ba ta ba ni matsala ba. Ranar saukowa ce ta nuna mini halinta. Na cusa naman gada biyu da muka yi banda, ga bargo, ga tukunya, muna tsakiyar gangare sai na ji ɓarat, hannun dama ya rabu da jikin jakar. Na ɗora ta a ka kamar mai tallan itace. A dutse kuwa ba a kaya a ka, don idonka yana kan tsakuwar da za ka taka, hannunka yana neman saiwar da za ka dafa. Tafiyar awa uku ta zama ta wuni guda. Da muka iso gindin dutsen, Sarkin Bakanmu ya juya jakar da sandarsa, ya ce, "Yaro, ta tafiya ka saya, ka manta da ta dawowa." Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce?

Tun daga ranar, in zan sayi jaka, ranar komowa nake saya wa. Lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma da rani rafukan sama suna ƙafewa, don haka ba na hawa da ƙasa da lita 4. Ƙara garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, ganyen shayi, tocila, leda ta shimfiɗa da bargo mai kauri, tunda ƙololuwar Dimlang, dutsen da ya fi tsayi a Shebshi, ta haura mita 2,000 kuma sanyin hunturu a can ba ya jin rigar sanyi ɗaya. Nakan tashi da kilo 15. In Allah Ya ba da sa'a, nakan sauko da 25 ko fiye, a lokacin da gwiwa ta riga ta gaji.

Abin da na fi dubawa shi ne ɗamarar ƙugu. Mata sun riga mu sanin wannan: mai goyo ba a kafaɗa take ɗaukar ɗanta ba, majanyi take ɗaurewa nauyin ya zauna mata a ƙugu. Jaka ma haka take. Ɗamarar ta zama mai faɗi, mai soso mai tauri wanda in ka matsa da yatsa zai dawo, ta zauna daidai kan ƙashin ƙugu. Amma ɗamara ba ta aiki sai da ƙarfen baya, wato sandunan alminiyon nan biyu da ke cikin jakar, su ne ke sauko da nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu. 'Yan gwanjo da yawa suna sayar da jakar da aka zare wa ƙarfen, su kansu ba su sani ba. Lanƙwasa ta ka gani. In ta naɗe kamar tabarma, ajiye ta.

Sai tsawon baya. Ni gajere ne, na taɓa aron jakar wani dogon abokina, ɗamarar ta sauko mini har ɗuwawu, kafaɗa ta sha wuya a banza. Ana aunawa daga ƙashin nan da ke fitowa a gindin wuya ta baya in ka sunkuyar da kai, zuwa saitin saman ƙugu. Girma kuma lita 60 zuwa 70 ta ishi mako guda. Fiye da haka kwaɗayin cika ta ne zai kama ka.

Kala ma magana ce. Jakar sojoji mai dabbare-dabbare tana da ƙarko, ba musu, amma ban ba kowa shawarar ta ba. Daga Yola zuwa Ganye, ta Mayo Belwa da Jada, shingaye nawa za ka wuce? Farar hula da kayan da suka yi kama da kaki, ga adaka a gefe, ko takardunka sun cika sai ka yi bayani har bakinka ya bushe. Ƙasa-ƙasa ko ruwan toka ya wadatar, gada ba ta duba zane.

Wadda nake amfani da ita yanzu a gwanjon Ƙofar Wambai na same ta a Kano. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, a ba ni aron galan biyu na ruwa." Ya yi dariya, amma ya aika yaro. Na zuba su ciki, na goya, na zaga layin sau biyu, na hau matakalar wani shago na sauko, mutane suna kallona kamar sabon mahaukaci. Ba ta yi lilo ba, ba ta ja ni baya ba. Na biya, na wuce da ita wajen baduku ya ƙara ɗinki da zaren taya a gindin hannayen biyu, ya kuma sa mini madauri a waje inda nake ɗaure buhun nama, don kada maiƙo ya shiga bargo. Ranin bana ne na huɗu da ita. Zif ɗin aljihun sama ya mutu tun bara, da igiyar takalmi nake ɗaure shi.