Godiya Bayan Sallamo Baba Daga Asibiti

Assalamu alaikum. A madadin mahaifiyarmu da ƙannena, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an sallamo Baba daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, bayan jinyar toshewar jijiyar zuciya da ta kashe wani sashe na tsokar zuciyarsa. Alhamdu lillahi, kumburin ƙafafun ya saɓe, yana kuma iya kwanciya ba tare da an jera masa matasai ba.

Muna godiya ga ma'aikatan jinya, da jama'ar masallacinmu na Jekadafari, da dangi na Kumo da Bajoga da suka yi ta zirga-zirgar dubiya. Allah Ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga likitan zuciyar da ya duba shi. A lokacin da wani dillalin fita waje neman magani ya kwaɗaita mana dashen ƙwayoyin tsoka a zuciya, har Kawu ya fara neman mai sayen gonar gado, likitan nan ya tara mu ya warware mana zare da abawa. Ya ce tsokar zuciya idan ta mutu tabo ne ke maye gurbinta, kuma tabo ba ya harbawa, shi ya sa a shekarar 2000 wani likitan tiyatar zuciya mai suna Philippe Menasché ya ɗebi ƙwayoyin tsoka daga cinyar wani majinyaci a Faris, babban birnin Faransa, ya dasa masa a zuciya. Sai dai babban gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 2008 bai nuna ƙarfin harba jini ya ƙaru ba, ga shi ƙwayoyin cinya ba sa bin wutar da ke tafiyar da bugun zuciya, abin da kan rikita bugun. Ko a Japan, inda aka ba wa irin wannan dashe izinin wucin gadi a 2015, an janye shi a 2024. A ganina, likitan da zai ɓata lokacinsa ya yi wa iyalin talaka wannan bayani ya cancanci addu'a.

Yanzu Baba yana kan magungunan rage ruwa da na hawan jini, an kuma rage masa gishiri, duk da ƙorafin da yake yi a kan miya. Gudummawar da aka tara domin tafiyar tana hannun Kawu. Wanda ke buƙatar tasa za a mayar masa, sauran kuma a sayi magani da ita. Masu zuwa dubiya muna roƙon su zo bayan La'asar.