Na je Morley saboda Beryl Burton

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Leeds zuwa Morley a Ingila, tafiyar ko minti 15 ba ta kai ba, amma tashar tana can ƙasa cikin kwari, sai ka hau tudu da ƙafa kafin ka shiga gari. Ga yayyafi ga iska mai sanyi, yanayin Yorkshire dai. Ina hawa ina tunanin matar da na zo saboda ita, Beryl Burton, 'yar tseren keke, a kan irin waɗannan tudun ta yi ta murza feda shekara da shekaru.

Wurin tunawa da ita ɗan lambu ne ƙarami a tsakiyar gari, Beryl Burton Gardens, da zanenta a bango ta duƙa kan keke. Mutane na ta wucewa da ledojin cefane. Ni kuwa na tsaya na daɗe, wallahi sai da raina ya sosu, don lambun ya yi mata kaɗan.

Matar nan fa sau 7 ta zama gwarzuwar duniya, 2 a tseren kan titi, 1960 da 1967, sauran 5 a filin tseren keke na zagaye. A gida Birtaniya kuwa shekara 25 a jere, daga 1959 har 1983, babu macen da ta karɓe kambun gwanar gwanaye a hannunta. Kuma ba ta taɓa mai da keke sana'a ba, a gonar rhubarb take aiki, wani ganye mai tsami da ake nomawa sosai a yankin, ta yi aikin ƙarfi ta dawo ta hau keke, mijinta Charlie shi ne makanikenta.

Labarin da ya fi tsaya min shi ne na 1967, tseren awa 12, inda ake ganin wa zai fi cin nisa cikin lokacin. Ta ci mil 277.25, sama da kilomita 446 kenan, tana cikin tafiya ta cim ma Mike McNamara wanda a ranar shi ma yake kafa tarihin maza da mil 276.52, ta zaro alawa daga aljihu ta miƙa masa ta wuce abinta. Shekara 2 aka yi kafin wani namiji ya wuce wannan nisan nata. Amma Olamfik bai buɗe wa mata tseren keke ba sai 1984, lokacin tana da shekara 47, wannan abin har yanzu yana min ciwo.

Washegari na ari keke na bi hanyar da aka sa wa sunanta tsakanin Harrogate da Knaresborough. A Harrogate ɗin ta rasu, 5 ga Mayu 1996, a kan keke, tana raba katin gayyatar bikin cikarta 59. Na gangara har bakin kogin Nidd, na jingina keken na zauna ina kallon jirgi na wucewa ta kan doguwar gadar da ta ƙetare kogin.