Ranar 5 ga Oktoba da ta wuce ni a Jojiya

Har yau idan na tuna 5 ga Oktoban 2020, ranar rufe rajistar zaɓen shugaban ƙasa a jihar Jojiya, sai raina ya ɓaci, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina.

Lokacin shekarata uku da zama 'yar ƙasa a Amurka, ina zaune a gefen Atlanta. Maƙwabciyata, wata dattijuwa baƙar fata haifaffiyar Jojiya da muke kira Mama, ita ta ja ni cikin aikin fitar da mata zaɓe. Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba sai bayan dokar 1965 da ta kare 'yancin zaɓen baƙaƙen fata, duk da tun 1920 aka ba mata 'yancin zaɓe a takarda. Sai na tuna iyayenmu mata a Arewa ma sai a shekarun 1970 suka shiga layi. Ta ce, "'Yata, ni zan ji da matan cocinmu, ke ki ji da na masallacinku."

Na ɗauki abin da zafi. Na buɗe zaure a WhatsApp, na tara mata goma sha ɗaya, yawancinsu masu kitso da masu jinyar tsofaffi. Na shirya mota, na samo mai riƙe yara, har kujerun naɗewa na saya saboda dogon layi. Abu ɗaya ne ban tambayi kowa ba: kin yi rajista?

A Jojiya ana rufe rajista kusan wata guda kafin zaɓe. Ni kuwa na saki baki da cewa duk mai lasisin tuƙi an sa sunanta kai tsaye. Haka ne, amma ga wadda ta karɓi lasisin tana 'yar ƙasa. Uku daga cikin matana sun karɓi nasu tun suna da girin kad, wato takardar zama ta dindindin, ba su sake komawa ba bayan sun zama 'yan ƙasa. Ranar 12 ga Oktoba da aka fara zaɓen wuri muka je, muka yi awa huɗu a tsaye, aka duba kwamfuta, babu sunansu. An rufe rajista mako guda da ya wuce. Wata Hajiya da ta rufe shagon kitsonta ranar ta dube ni ta ce, "Yanzu ke da ilminki ba ki duba ba?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Abin ya ƙara cina da aka gama ƙidaya. Biden ya ci Jojiya da ƙuri'a 11,779 kacal, cikin kusan miliyan biyar. Kowa na yabon mata baƙaƙen fata, ana ta ambaton Stacey Abrams, wadda ta faɗi takarar gwamna a 2018 ta koma yi wa mutane rajista. Ni kuwa ina lissafin ƙuri'u uku da sakacina ya zubar.

Mama ba ta lallashe ni ba. Ta dai turo min wata rana a waya: 7 ga Disamba, ranar rufe rajistar zagaye na biyu na zaɓen sanatoci. Wannan karon gida gida na bi, na zauna da kowacce muka duba sunanta a shafin jiha, da adireshi, don wadda ta sauya gida ma tana iya samun matsala. Wata mai girin kad ta nace sai an sa ta, na ce a'a, laifi ne da zai iya sa a kore ta daga ƙasar.

Ranar 5 ga Janairun 2021 matan nan uku suka jefa ƙuri'arsu ta farko, aka zaɓi Raphael Warnock, baƙar fata na farko da ya zama sanatan Jojiya. Hajiya ta fito da ɗan lambar nan mai hoton 'ya'yan itace da ake ba wanda ya yi zaɓe, manne a mayafinta, ta ce in biya ta kuɗin kitson ranar da ta yi asara. Na biya.