Turken simintin da na kafa a mashigin Sawakin

Har yau in na sauka bakin ruwa da asuba, idona sai ya kai wurin da turken ya tsaya. Yashi ya cike ramin tun tuni, baƙo ba zai ga komai ba, amma ni ina ganinsa. Buhun siminti ɗaya ne da guntun ƙarfe da zobe a kai, da kuɗina na saya, da hannuna na kwaɓa. Shi ya hana gidaje goma sha ɗaya saukar da kifi a mashiginmu wata uku da 'yan kwanaki.

Wanda ya san gaɓar Sawakin, a bakin Bahar Maliya ta Sudan, ya san teku da faɗi, amma wurin jawo jirgi kaɗan ne. Ko'ina shi'ab ne, dutsen murjani mai kaifi da zai tsaga cikin jirgi kamar an sa wuƙa. Namu mashigin yana wata 'yar marsa, wato lungun da teku ya shigo cikin tudu, kudu da gari, faɗinsa bai wuce taku arba'in ba. Hannun hagu shi'ab, hannun dama laka da dajin shura, itacen da ke fitowa a ruwan gishiri. Ta wannan yashin muke jawo jirage, ta nan kuma raƙuman maƙwabtanmu Bija suke gangarawa su ci ganyen shura idan kiwo ya ƙare a tudu, kafin ruwan hunturu ya sauka. Nan bakin teku damina ba kamar ta Gadarif ko Sinnar ba ce, ruwanmu daga Nuwamba zuwa Janairu yake zuwa, in ya zo.

Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zuwa Hajji. Ya sauke farali, ya dawo, ya tsaya nan neman guzurin komawa gida, komawar da ba a yi ba. Lokacin Turawa sun riga sun gina Bur Sudan tun daga 1905, manyan jirage sun koma can, an bar wa Sawakin alhazai da masunta da gidajen murjani na tsibiri suna rushewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya fara jawo huri, ƙaramin kwale-kwalen katako, a wannan mashigi. Bayansa Baffa, ƙanin mahaifina, ya riƙe shugabancin masuntanmu sama da shekara talatin. Tun ina yaro nake ganin Baffa duk shekara yana ɗaukar sukari da gahawa da babban kifin najil guda, ya tafi gidan wani dattijon Bija da ke bayan marsa, ya wuni can. Na ɗauka abota ce. Da ƙafafun Baffa suka gaza aka ɗora mini shugabancin, sai na ce a raina abokinsa ne, ba nawa ba. Shekara biyu ban kai komai ba. Ba wanda ya ce mini uffan.

A cikin shekarun nan kuma muka faɗaɗa. Huri ya ba da wuri ga jiragen faiba masu inji, su kuwa sun fi cin fili. Karo, wato amalanken jaki, ya fara gangarowa har bakin ruwa da ƙanƙara. Igiyoyi suka yi yawa a kan yashi, har wata rana wata taguwa ta harɗe da igiyar ɗayanmu ta gurɗe a ƙafa. Mai ita ya zo ya yi magana, yaranmu suka mayar masa da baƙa. Na ji labari, na share.

Sai watan Yuli na 2022 ya zo da abin da ya faru a Nilul Azraƙ. Kowane Bahaushe a Sudan ya san yadda zuciyarsa ta kasance a kwanakin nan: gawarwakin 'yan'uwanmu a Rusairis da Damazin, mutane sun gudu da kayan jikinsu kawai, zanga-zanga a Kasala da Bur Sudan da Hartum. Tushen abin kuwa maganar ƙasa ce da sarautar gargajiya, wa ke da ita, wa ke baƙo. Ina da 'yan'uwa a can. Dare bayan dare ina kwance ina tambayar kaina, har sai yaushe za a riƙa kiranmu baƙi a ƙasar da muka binne kakanni uku? Da wannan zafin na tashi na nufi ofishin hukuma, na yi ta zirga-zirga har na samo takarda da hatimi, wadda ta ba ƙungiyarmu izinin saukar da kifi a wurin. Izinin sauke kifi kaɗai ta ce, ba ta ce fili namu ne ba, ma'aikacin ma ya nanata mini haka. Ni dai na riƙe ta kamar na riƙe duniya. A watan Agusta na kafa turken a tsakiyar mashigi, na ce na ɗaure jirage ne. Gaskiya rabinsa na ɗaure jirage ne, rabinsa na a gani ne.

Ban shawarci Baffa ba. Gidansa da nawa katanga ɗaya ce ta raba.

Kwana uku bayan simintin ya bushe muka dawo daga ruwa da hantsi, muka tarar da raƙuma kusan ashirin an gurfanar da su daga shi'ab har shura, samari zaune a gefensu da sanduna a kan cinya. Ba zagi, ba ihu. Jiragenmu na shawagi, rana na dukan kifi. Wani yaronmu ɗan shekara goma sha tara ya diro cikin ruwa ya kama akalar wani amale zai tashe shi, aka sauke masa sanda a hannu. Ƙarar karayar ina jinta daga cikin jirgi. Da ba don limaminmu da wani tsohon ɗan kasuwa da kowa ke jin nauyinsa sun iso da gudu ba, Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya, domin duka ɓangarorin mun tuna yadda Bur Sudan ta kasance a 2019 tsakanin Bani Amir da Nuba.

A daren aka ɗaura galad. Wanda bai zauna da Bija ba yakan ɗauka galad sulhu ne, ni ma haka na ɗauka, har na ce wa mutanena gobe za mu koma. Ashe alkawari ne kawai na cewa ba wanda zai ɗaga wa wani hannu har a zauna, kuma kowa ya janye daga abin da ake jayayya a kai. Raƙuma suka daina gangarowa, mu ma muka daina saukewa. Muka koma kewayawa ta cikin gari, mai ya ƙaru, layi ya yi tsawo, ƙanƙara na narkewa a zafin Agusta da Satumba wanda ko ɗan gari ba ya sabawa da shi. Kifin sha'ur da najil da ya kamata su isa kasuwar Bur Sudan da sassafe, tafiyar kilomita sittin, sai su isa ido ya faɗa, dillali ya taya yadda ya ga dama. Matan da ke suyar kifi a bakin mashigi suka nade kaskonsu. Gida biyu suka sayar da injinsu.

Sai da aka yi mako biyar a haka girman kai ya sake ni na shiga wurin Baffa. Yana kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, ƙafafunsa a kumbure, carbi a hannu. Na zayyana masa komai, na ciro takardar na miƙa. Bai karɓa ba.

"Ka kai sukarin bana?"

"Wane sukari, Baffa?"

Ya daɗe yana dubana. "Na bara fa?"

A ranar na fara jin kalmar gudab a matsayin abin da ya shafe ni. A silif, wato dokar gargajiyar Bija, ƙasa iri biyu ce: akwai asal, ta waɗanda suka gada, akwai amara, wadda aka bar wa wani ya ci moriya. Mai amara zai yi kiwo, ya sha ruwa, ya yi shekara ɗari ba a tashe shi ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya haƙa rijiya, ko ya sare itace, ko ya yi gini mai tsayawa ba da izini ba, domin waɗannan ayyukan mai ƙasa ne. Gudab kuwa ɗan abin da yake kaiwa ne, komai ƙanƙantarsa, don a san bai manta da mai asal ba. Ni na daina kai gudab shekara biyu, sannan na zuba siminti. A wurinsu na riga na faɗi magana da babbar murya, ko ban buɗe baki ba.

Raina ya ɓaci, na ce, "Baffa, a nan aka haife ni, a nan aka haife ka. Haraji za mu yi ta biya don mu Hausawa ne?"

Ya ce, "Zauna, ɗana. Mai taguwar da ta gurɗe, ka san shi ma yana kaiwa? Ɗan Bija ne uwa da uba, amma ba dangin masu wurin ba ne. Duk shekara da tunkiyarsa yake zuwa. Sau nawa muka haɗu da ubansa a ƙofar gidan."

Wannan ita ce maganar da ta kwance mini kai. Wata biyu ina yaƙi da kalmar baƙo, alhali ba wanda ya jefe ni da ita a wannan mashigi. Har gobe ina kan bakana cewa Bahaushen Sudan ɗan ƙasa ne, ba ya neman alfarmar kowa a kan haka. Amma zafin Nilul Azraƙ na kwaso na juye a kan mutanen da suka zauna lafiya da kakana, a kan al'adar da suke ɗora wa junansu kafin su ɗora mana. Duk wanda ke cikin irin wannan rigima, kafin ya taka ofishi, ya nemi tsohon da ya riƙe wurin gabaninsa ya tambaye shi me yake yi duk shekara wanda ba a rubuta ba. Da na tsallaka katanga ɗaya a watan Yuli, da yaron nan bai karye ba.

Zaman ya kasance a Nuwamba, a rumfar dattijon. Muka ɗauko Baffa a karo. Ya ce in bar takardar a gida, na sa ta a aljihu duk da haka, sai dai ban ciro ta ba. Awa guda ba a ambaci mashigi ba. Sakanab ake yi, kowa na ba da labarin inda ya fito, ina aka yi ruwa, nawa dawa take a kasuwa, wa ya rasu. Wani yaro yana soya gahawa a gabanmu, ya daka da citta, ya zuba a jabana, butar gahawa, ya toshe bakinta da zaren kaba, finjali na zagayawa. Ina ta gumi ina son a shiga magana, Baffa na danna mini gwiwa da hannu.

Can sai dattijon ya juyo gare ni ya ce da Larabci, "Takardar hukuma muna girmama ta, ba mu da magana a kanta. Turken na wane ne?"

Na ce, "Nawa ne, ya Shaihu. Ni na kafa, ban tambayi kowa ba, ko baffana."

Ya ce, "To mai shi ya san yadda zai yi da shi."

Washegari na ɗauki diga na tone shi ni kaɗai, mutanen ɓangarorin biyu na tsaye. Ba wanda ya taya ni, haka ya dace. Sauran ya zo da sauƙi: Bija suka ɗauki kuɗin ɗorin yaron suka kawo rago gidan su yaron, mu muka biya jinyar taguwa, na kai sukari da gahawa na shekara uku a haɗe. Jibi muka jawo jirage.

Abu ɗaya ya rage, raba fili tsakanin jirage da hanyar raƙuma. Na so a auna a ranar, dattijon ya ce a'a, sai ruwa ya gama hawa. A nan ma ya fi ni gaskiya, ni da nake kwana a teku. Bahar Maliya a wajenmu kusan ba ta da cika da janyewa na kullum, amma tana da na shekara: da zafi ruwa ya sauka, da hunturu ya hau. Yashin da na kafa turke a kai a watan Agusta, a Janairu ruwa na lasar gefensa. Da mun auna da wuri, da mun raba filin da babu shi rabin shekara, mu sake kamawa da faɗa. A Janairun 2023 muka jera duwatsu, ba siminti, waɗanda hannu zai iya matsarwa. Jirage daga asuba zuwa hantsi, raƙuma daga nan zuwa la'asar. Igiya ba ta kwana a kan hanya. Karo ya tsaya sama da duwatsu. Ba mai sarar shura, mu ko su.

Liman ya rubuta, kwafi biyu. Layin farko ya ambaci masu asal. Na nace a ƙara na biyu, cewa muddin muna kiyaye waɗannan sharuɗɗa ba mai hana mu ko 'ya'yanmu sauka. An ja kafin a yarda, wasu samarinsu ba su so ba, amma dattijon ya ce abin da aka yi wa kakana ai ba sabo ba ne, a rubuta. Wannan layin ina alfahari da shi.

Wata uku bayan haka yaƙi ya ɓarke a Hartum, jama'a suka kwararo gabas. Da garin Sinja ya faɗi a yaƙin a 2024, 'yan'uwanmu masuntan kogi suka iso da iyalansu, suna neman inda za su jefa ƙugiya. Kafin ɗayansu ya taka yashin nan, na sa shi gaba muka je rumfar da sukari a hannunsa. Jirage sun ƙaru da huɗu, duwatsun na nan inda muka ajiye su.

Cikin gidaje biyun da suka sayar da inji, ɗaya ya samu ya mayar. Ɗayan har yau bai iya ba, farashi ya tsere masa tun da yaƙi ya fara. Mutum ne da ya girme ni, yana da jirginsa tun ina bin Baffa da buta. Yanzu a jirgina yake fita, ina ba shi kaso biyu maimakon ɗaya. Yana karɓa, ya ce Allah ya saka, bai taɓa ambatar turken ba ko sau ɗaya.