Yadda Na Riƙe Tukunyar Inna Bayan Hawan Jini Ya Kama Ta

Mahaifinmu ya rasu gab da faɗuwar damina, Inna kuma ta shiga takaba a gidanmu na Jahun, cikin garin Bauchi. Ni ce auta, gidan aurena kuma ya fi na kowa kusa, don haka girkinta ya dawo hannuna. Kafin a yi sadakar arba'in ta fara kukan ciwon ƙeya da jiri, barci ya ƙaurace mata, abinci kuwa sai an yi da gaske take kai loma biyu. A asibiti aka auna jininta aka ga ya haura 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake cewa mutum yana da hawan jini. Likita ya rubuta mata amlodifin, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce a rage gishiri.

Duk wanda ya taɓa jinya a gidan makoki ya san kowane mai zuwa gaisuwa da nasa maganin yake tafe. Goggo ta ce tafarnuwa da zuma. Wata ta ce a dafa ganyen mangwaro a riƙa sha. Wani ɗan uwa ya kawo baƙin ruwa a gora, ba suna, ba lambar NAFDAC, ya ce a mota mai lasifika ya saya kuma yana wanke jini tas. Ni da Yaya muka tsai da magana guda: abin da aka sani a matsayin abinci za mu gwada shi, abin da ba a san me aka haɗa a ciki ba kuwa ba zai shiga bakin Inna ba, ƙwayar likita kuma tana nan daram. Yaya ya sayo na'urar awon jini mai batir, ni kuma na ware littafi.

Awon yana da ƙa'idarsa. Da safe kafin ta sha magani nakan zaunar da ita a kujera, ta jingina baya, ƙafafunta a ƙasa, hannunta bisa filo daidai ƙirji, ta yi minti biyar ba magana. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, don Inna ba ta iya ganin akuya ta doshi shanya ta yi shiru. Sai in auna sau biyu in rubuta. Littafin ne ya zama alƙalinmu. Duk wanda ya zo da sabon magani yana rantsuwa, sai mu ce a bari lambobi su yi magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. A girkinmu ɓoyayyen ya fi na fili yawa. Dunƙule, kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma sai mu marmasa huɗu ko biyar a tukunya sannan mu ƙara gishiri a kai. Ga farin magi, ga yajin da ake barbaɗawa kan masa da tsire, ga kilishi, ga burodi. Sai kanwa, wadda ba wanda yake lissafa ta cikin gishiri don ba ta da ɗanɗanonsa, alhali sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da jini, shi ne jigonta. Muna jefa ta a wake, a kuɓewa, a ɗanwake, a ƙullun masa, har a zoɓo don ta kashe tsami. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Da na faɗa wa Goggo sai ta ce ita kam ta sha, ta haifi tara, ga ta nan. Ban ja da ita ba, na dai ɗauke kanwar daga inda hannu zai kai.

Ban raba wa Inna tukunya ba. Mai takaba kaɗaicinta ya ishe ta, ba sai an ƙara mata da kwanon marar lafiya ba, kuma 'ya'yan mai hawan jini su ma suna kan layi. Gida duka aka koma sabon girki, a hankali, ana rage dunƙule ɗaya-ɗaya. Abin da ya cike gurbin shi ne abin da kakanninmu suka girka da shi tun farko. In zan yi miyar kuka, sai in daka daddawar kalwa da albasa da citta da tafarnuwa da ɗan masoro su yi laushi, in gyara kifi banda in cire ƙaya, in zuba su tare su yi ta tafasa har ƙamshin daddawar ya kwanta, sannan in kaɗa kuka. Gishiri kuwa a cokali nake auna na yini duka in ajiye a murfi, in ya ƙare ya ƙare. Wake nakan jiƙa shi tun dare, ya dahu lugub ba kanwa. A kula, wasu masu daddawa suna haɗa ta da gishiri ko kanwa, saboda haka na riƙe mace ɗaya a kasuwar Muda Lawal wadda na san yadda take yin tata.

Ranar farko Inna ta ɗanɗana ta ajiye cokali.

"Auta, wannan miya ce ko ruwan wankin hannu?"

"Inna, ki yi haƙuri ki ci, likita ne ya ce."

"To, a kai wa likitan ya sha."

Harshe dai yana sabawa. Bayan 'yan makonni ita da kanta ta ɗanɗana abincin sunan da aka aiko daga maƙwabta ta ce an zabga gishiri.

Zoɓo shi ne maganin gargajiyar da na fi yarda da shi, don an gwada shi da ma'auni. A wani bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010, masu ɗan hawan jini da suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awonsu ta sauka da kimanin 7. Sauka ce ta gaske, amma mai 170 in aka cire masa 7 yana nan cikin haɗari, shi ya sa nake jin haushin masu cewa a ajiye ƙwaya a kama zoɓo. Kuma zoɓon binciken ba irin na gora mai sanyi ba ne da ake narka wa sukari har cokali ya tsaya. Namu nakan wanke shi, in dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, in tace, in jiƙa dabino biyu a ciki saboda tsamin. Sai da muka gaya wa likita kafin ta fara, don in zoɓo ya haɗu da magani jini yana iya sauka fiye da kima har mutum ya ga jiri. Mai ciki kuwa ta nemi shawara tukuna.

Zogale, alayyafo, wake, dankalin Hausa da ayaba suna da fotasiyam, wanda ke taimaka wa jiki ya fitar da sodiyam. Kwaɗon zogale da ƙuli ya zama abincin hantsinta. Amma sai da aka gwada ƙodarta aka ga lafiya, domin mai ciwon ƙoda fotasiyam yana taruwa masa ya zama illa. Zancen wai zogale maganin kowace cuta ne, wannan na masu talla ne. Ganye ne mai amfani, shi ke nan. Wani abin kuma da likita ya tono shi ne ƙwayoyin ciwon gwiwa irin su diklofenak da ibuprofen da tsofaffi ke aika yara kemis su sayo. Suna tayar da jini, suna taɓa ƙoda, suna ƙona ciki. Aka tsayar da su.

Barci da damuwa sun fi gishiri wuyar sha'ani. Inna mai goro ce, kuma masu gaisuwa goro suke kawowa. Goro da ganyen shayi duka suna da kafeyin, wanda yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jiki ba. Muka yi yarjejeniya: goronta da safe, bayan azahar babu. Da daddare nakan dama mata talbina, kunun garin sha'ir da madara da ɗan zuma. Wannan ba sai na roƙe ta ba, don ta san hadisin Nana A'isha cewa talbina tana sanyaya zuciyar marar lafiya tana rage baƙin ciki. In sha'ir ya yanke sai in yi da gero. Abin da na lura shi ne, daren da na zauna kusa da ita tana kurɓa tana ba ni labarin zamansu da Baba tun suna gidan haya, ta fi samun barci a kan daren da na aika yaro da kofi. Da hantsi kuma takan zagaya tsakar gida cikin rana tana lazimi. Da wata huɗu da kwana goma suka cika ta koma Islamiyya da ƙafa, nan ne fuskarta ta fara dawowa.

Likita ya ja mana kunne a kan abu ɗaya. Baƙin cikin rashi daban, ciwon damuwa daban. In mutum ya haura mako biyu ba abin da ke masa daɗi, ba ci, ba wanka, ba ya son ganin kowa, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin, to wannan ya wuce kunu da nasiha, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Inna ba ta kai nan ba, amma wata ƙawarta ta kai, magani da zama da likita ne suka tashe ta.

Da azumi ya zo likita ya mayar da ƙwayar zuwa bayan buɗa-baki, kunun kanwa ya ba kunun tsamiya da na gyaɗa wuri. Yanzu littafin yana nuna 130 da 'yan kai bisa 80 da 'yan kai, ƙafarta takan ɗan kumbura da yamma, an ce halin amlodifin ne, ana lura da shi. Masa ce kawai muka kasa daidaitawa, don ba a raba mutumin Bauchi da masa. Inna ta ce ran Juma'a sai ta ci, ko na'ura ta so ko ta ƙi. Ni nake yin ƙullun da yis kaɗai ba kanwa, da miyar taushe ta gida, yajin kuma na daka shi da ƙuli, citta, kimba da barkono. Har yau tana cewa ta mai masar bakin titi ta fi tawa daɗi.